Me ke sa waƙa ta zama nanaye? Darasi daga yacht rock da foldojin wayarka

Buɗe wayarka ka shiga inda waƙoƙi suke. Idan ka taɓa kai memori shagon masu tura waƙa da fim, a Fulatan ne ko Rogo ko Ƙaraye, da wuya ba ka tarar an kasa maka su folda-folda ba: ga ta nanaye, ga ta siyasa, ga ta bege, ga gargajiya, ga hip-hop, ga Indiya. Babu wata hukuma da ta zauna ta tsara wannan rabo. Mai shago ne da kunnensa, kuma ba kasafai yake kuskure ba. Yana jin daƙiƙa goma na farkon waƙa ya san gidan da za ta kwana.

Amma ka tambaye shi dalilin da ya sa wannan ta shiga nanaye waccan ba ta shiga ba, sai ka ji ya ce ai da ji ka sani. A da wannan amsa ta wadatar. Yanzu da saurare ke komawa Audiomack da Boomplay da Spotify da YouTube, na'ura ce ke yin rabon, ita kuwa ba ta taso a dandali ba, ba ta san biki ba. Sunan da aka liƙa wa waƙa yana cikin abin da ke sa a turo maka ita ko ta ɓace a cikin miliyoyi. Don haka ya kamata mu iya faɗin abin da kunnenmu ya riga ya sani.

Akwai wasu a Amurka da suka yi irin wannan aiki a kan wani salon waƙa nasu, kuma hanyar da suka bi za ta yi mana amfani.

Salon da aka raɗa wa suna bayan ya tsufa

Yacht rock, ana furta shi kamar "yot rok", suna ne na wasu waƙoƙin Amurka masu laushi da aka yi tsakanin wajejen 1976 zuwa 1984. Kalmar farko tana nufin jirgin ruwan shaƙatawa na attajirai. A lokacin da ake yin waƙoƙin babu wanda ya kira su da wannan suna. Sai a 2005 wasu matasa a Los Angeles, cikinsu har da JD Ryznar da Hunter Stair da David Lyons da Steve Huey, suka yi wani jerin gajerun bidiyoyin barkwanci a intanet suna kwaikwayon mawaƙan wancan zamani, suka sa masa wannan suna. Da zolaya aka fara, sunan ya bi waƙoƙin har yau. A 2024 tashar HBO ta fitar da fim guda na tarihin salon.

Da sunan ya bazu, sai kowa ya riƙa tara duk wata tsohuwar waƙa mai sanyi yana kiranta yacht rock. Waɗanda suka ƙirƙiro sunan suka ga abin ya lalace, sai a 2016 suka fara wani shirin murya a intanet, inda suke ɗauko waƙa ɗaya-ɗaya suna ba ta maki daga 0 zuwa 100. Wadda ta kai 50 ta shiga, wadda ta gaza tana waje.

Ga abin da suke dubawa. Na farko, su wa suka yi kiɗan: akwai wani rukunin ƙwararrun makaɗan situdiyo na Los Angeles, irin 'yan ƙungiyar Toto, da suke yi wa mawaƙa daban-daban aiki. Na biyu, tsabtar ɗaukar sauti. Na uku, gishirin jazz da R&B a cikin kiɗan. Na huɗu, sautin fiyanon lantarki, musamman ƙirar Fender Rhodes. Na biyar, wani ɗan tsalle-tsalle da kiɗan ke yi, wanda ake ji sarai a waƙar "What a Fool Believes" ta ƙungiyar Doobie Brothers da muryar Michael McDonald, wadda ita ce suke ɗauka a matsayin ma'auni.

Ka lura babu maganar jirgin ruwa a jerin. Jimmy Buffett ya shafe rayuwarsa yana waƙar teku da bakin ruwa, amma ba su sa shi a ciki ba. "Human Nature" ta Michael Jackson kuwa, daga kundin Thriller na 1982, ta shiga, domin Steve Porcaro na Toto ne ya tsara ta kuma sautinta na gidan ne. Wato ko da wani ya yi waƙa guda a kan kwale-kwalen masunta na dam ɗin Challawa da ke Ƙaraye, ba za ta zama yacht rock ba. Sauti ake aunawa, da hannun da ya yi shi.

Daga ina nanaye ta fito?

Bahaushe ya daɗe da nasa tsarin rabon waƙa. Masana irin Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero sun yi rubutu a kan yadda ake kasa makaɗa: na fada irin Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, na jama'a irin Mamman Shata, na sana'a da na maza irin Ɗan Anace mawaƙin 'yan dambe. Ana kuma gane makaɗi da abin kiɗansa: Shata da kalangu, Ɗan Maraya Jos da kuntigi, Barmani Choge da ƙwarya. Tambayoyi biyu ne ke raba gardama: da me ake kiɗan, kuma don wa ake yi?

Fim ne ya kawo sabon abu. An yi Turmin Danya a Kano a 1990, kuma kafin shekaru goma su cika harkar fim ta zama kasuwa babba. Masu kallo sun taso da finafinan Indiya da ake nunawa a sinimomi da talabijin shekara da shekaru, sun saba ganin saurayi da budurwa suna rera wa juna waƙa a tsakiyar labari. Masu shirya fim suka ba su abin da suke so. Ɗauko makaɗan gargajiya da tawagarsu zuwa situdiyo yana da tsada da wahala, sai aka koma ga fiyanon Yamaha ƙirar PSR, wanda mutum ɗaya zai zauna ya fitar da ganga da sarewa da goge daga cikinsa. Situdiyon Iyan-Tama a Kano yana cikin na farko-farko da suka yi fice a wannan aiki. Fim ɗin Sangaya, na Ali Nuhu da Fati Muhammad, ya nuna wa kowa cewa waƙa kaɗai tana iya sayar da fim.

Sunan kuwa daga dandali ya zo. Kalmar nanaye tana yawan fitowa a amshin waƙoƙin gaɗa na 'yan mata, kuma waƙoƙin fim na farko sun ari wannan salon amshi. Farfesa Abdalla Uba Adamu, wanda ya yi bincike mai yawa a kan finafinan Hausa da kiɗansu, yana amfani da wannan suna a rubuce-rubucensa. A bakin mutane kuma, sau da yawa akwai raini a ciki. In aka ce wa mutum ɗan nanaye, ba lallai yabo ake nufi ba.

A nan ma labarin ya yi kama da na Amurka. Michael McDonald ya karɓi sunan yacht rock da dariya. Daryl Hall ya fito fili ya ce ba ya so. Donald Fagen na ƙungiyar Steely Dan, da mai shirya fim ɗin HBO ya kira shi a waya don a yi hira, ashar ya ɗura masa ya kashe wayar. Mawaƙi ba shi ke zaɓar sunan da za a kira salonsa ba. Masu saurare ne ke raɗawa.

Alamomi biyar da kunne ke kamawa

Idan muka bi hanyar mutanen Los Angeles, muka ajiye maganar jigo a gefe muka saurari sautin kansa, ga abubuwan da suke maimaita kansu a waƙoƙin da kowa ya yarda nanaye ne.

Na ɗaya, kiɗan na'ura ne da ke kwaikwayon kayan gida da na Indiya. A da fiyanon Yamaha ne, yanzu galibi manhajojin kwamfuta ne irin FL Studio da Cubase, amma ɗanɗanon bai sauya sosai ba: ƙaramar ganga mai kama da kalangu ko tabla, sarewa da ke buɗe waƙa, da goge mai amsa wa mawaƙi a tsakanin baitoci. Ba a cika jin jita mai ƙara ko bugu mai nauyi irin na gidan rawa ba.

Na biyu, karin waƙar na Hausa ne. Yawancin karin waƙoƙinmu a kan sautuka biyar suke tafiya. In kana da manhajar fiyano a waya, gwada danna baƙaƙen maɓallai kaɗai, za ka ji wani abu mai kama da gida, domin su ma sautuka biyar ne suke maimaituwa. Ƙari a kan haka, Hausa harshe ne mai hawa da sauka, kuma mawaƙin nanaye yana barin karin waƙa ya bi karin magana don kada ma'ana ta karkace. Lanƙwasar murya irin ta Indiya ado ce da ake ɗorawa a kai.

Na uku, karɓa-karɓa. Asalin tsarin shi ne namiji ya yi baiti mace ta amsa, ko su riƙa jifan juna da magana, sannan a haɗu a amshi. Muryoyin mata irin Fati Nijar da Maryam A. Baba da Zuwaira Isma'il suna cikin abin da ya gina salon, duk da cewa a allo fuskar jaruma ake gani. Ko a waƙar da mutum ɗaya ya rera, za ka ji an bar gurbin amsa, ko 'yan amshi su cike shi ko sarewa.

Na huɗu, murya mai santsi da aka gyara. Kamfanin Antares ya fitar da Auto-Tune a 1997, kuma duniya ta san shi ta waƙar "Believe" ta Cher a 1998. An yi shi ne don gyara muryar da ta kauce, amma a situdiyon Kano da Kaduna ya zama ado da kansa. Wannan siririyar murya mai ƙyalli tana cikin abin da mai shago ke ji a daƙiƙa goma na farko.

Na biyar, kalma ce a gaba, kiɗa a baya. Ana jera baitoci masu amsa-amo, a koma amshi, a sake wani baiti. Ana rage ƙarar kiɗa don a ji kowace kalma. Shi ya sa masoyan Nura M. Inuwa ko Umar M. Shareef suke haddace baitoci suna turawa a saƙo. A Afrobeats na Legas abin ya sha bamban, can kiɗa ne ke jan ragama, kalmomi 'yan kaɗan ne ake maimaitawa.

Soyayya ba ta cikin jerin nan, kamar yadda jirgin ruwa ba ya cikin nasu. Shata ya yi waƙar mata, Ɗan Maraya ya yi waƙar aure, babu wanda ya kira su 'yan nanaye. Fitowa a fim ma ta daina zama sharaɗi, tun da mawaƙa suka fara fitar da kundinsu da bidiyonsu ba tare da jiran furodusa ba.

Mu gwada ma'aunin

Wannan hukunci nawa ne, kana iya saɓa mini. Ɗauki "Jaruma" ta Hamisu Breaker, wadda ta mamaye wayoyi a 2020 lokacin kullen korona, har matan aure suka riƙa ɗora bidiyon rawa da ita. Kiɗan na'ura mai ɗanɗanon gida, karin Hausa, gyararriyar murya, baiti da amshi. Muryar mace ce kawai babu. Huɗu cikin biyar, ta shiga ba gardama.

Ado Gwanja yana bakin iyaka. Kayan aikinsa na situdiyo ne, amma ruhin waƙoƙinsa na bikin mata ne, ya fi kusa da gadon kiɗan ƙwarya. Aminu Ala yana amfani da fiyano, sai dai gininsa na rubutacciyar waƙa ne, shi ya sa da yawa ba sa sa shi a wannan folda. DJ AB da ClassiQ suna waje gaba ɗaya: Hausa suke yi, amma magana ce mai gudu a kan bugun hip-hop. Namenj yana rera soyayya da Hausa, kiɗansa kuwa ya fi karkata ga na Legas.

Inda ma'aunin Amurka ya gaza mana shi ne waƙoƙin siyasa da na bege. Saurari Dauda Kahutu Rarara: fiyano, karin Hausa, 'yan amshi, kalma a gaba. Ta fuskar sauti ɗan gida ne. Haka masu bege da yawa da ke amfani da fiyano. Amma babu mai shagon da zai zuba su a foldar nanaye, kuma in ya yi, sai mai waya ya dawo masa da ƙorafi. Tsohuwar tambayar nan ta don wa ake yi tana nan da ranta. Saboda haka a wurinmu sharaɗi biyu ne: sautin ya cika alamomin, sannan waƙar ta kasance ta nishaɗi ce, ba ta neman ƙuri'a ko ta yabon Manzo ba.

Abin da wayarka ta sani da wanda ba ta sani ba

Fayil na MP3 yana iya ɗaukar wasu bayanai a cikinsa da ake kira ID3: sunan waƙa, sunan mawaƙi, kundi, shekara da salo. Jerin salo na farko da aka fitar a 1996 guda 80 ne, babu ko ɗaya na Hausa. Sabon tsarin yana bari a rubuta duk sunan da aka ga dama, amma yawancin waƙoƙin da muke saukewa daga shafuka ko muke karɓa ta Xender, in ka duba za ka ga sunan shafin aka cusa a gurbin salo, wani lokaci har a gurbin mawaƙi. Shi ya sa manhajar sauraren waƙa take haɗa maka Ɗanƙwairo da Breaker a wuri guda.

Manyan manhajoji suna da hanyoyi uku na gane waƙa. Akwai abin da wanda ya ɗora ta ya rubuta, domin kamfanonin rarraba waƙa irin DistroKid da TuneCore suna sa ka zaɓi salo daga jerin da suka tanada. Akwai nazarin sautin da kwamfuta ke yi, kamar saurin bugu da ƙarfinsa. Spotify ya sayi kamfanin Echo Nest a 2014 saboda irin wannan fasaha. Sai kuma ɗabi'ar masu saurare: in dubban mutane suna jin waƙa kaza bayan waƙa kaza, ko suna haɗa su a jeri ɗaya, na'ura za ta ɗauka 'yan uwa ne. Shazam kuwa zanen yatsan sauti kawai yake dubawa ya faɗa maka sunan waƙa, ba ya yanke hukuncin salo da kunnensa.

Yanzu ka ɗauki matashi daga Fulatan da ya tara kuɗi ya je Kano ko Zariya ya ɗauki waƙa. Ya zo ɗorawa, bai ga salonsa a jeri ba, sai ya zaɓi Afrobeats. Daga nan ya shiga layi ɗaya da Burna Boy da Davido, a gaban masu sauraren da ba irin sautinsa suke nema ba. Wanda aka turo wa zai ji daƙiƙa kaɗan ya wuce, na'ura kuma ta ɗauki wucewar a matsayin shaidar ba a son waƙar. Spotify ba ya ma ƙirga saurare sai an kai daƙiƙa 30. Masu son nanaye na Maraɗi da Kumasi da Jidda, waɗanda da sun ji za su maimaita, ba a kai musu ba.

Suna yana da ƙarfi a wannan kasuwa. Da Afrobeats ya zauna a matsayin suna, Billboard ta buɗe masa jadawali na musamman a Amurka a 2022. Yacht rock, sunan da aka fara da wasa, yana da tasharsa a rediyon SiriusXM, kuma matasan da ba a haifa ba lokacin da aka yi waƙoƙin suna nemo su da wannan suna. Abin da ba shi da suna ba a iya bincikensa.

Abin da za ka iya yi daga wayarka

In mai saurare ne kai, fara da gyara naka rumbun. Manhajar Musicolet a Android tana bari a gyara bayanan waƙa, a kwamfuta kuma akwai Mp3tag da ke gyara fayiloli da yawa a lokaci guda. Goge sunan shafi, ka sa sunan mawaƙi daidai, ka rubuta salon. Duk wanda ka tura wa fayil ɗin zai same shi a gyare.

In kana amfani da Audiomack ko Spotify ko Boomplay, wanda ke zuwa a cikin yawancin wayoyin Tecno da Infinix da itel, haɗa jerin waƙoƙi ka bar shi a buɗe ga kowa. Sa masa suna da kalmomin da mutane ke rubutawa in suna nema, kamar nanaye, waƙoƙin Hausa, Kannywood. Kada ka cakuɗa shi da siyasa ko hip-hop, yi wa kowanne nasa. Irin waɗannan jeri suna cikin abin da na'ura ke koyo da shi.

In mawaƙi ne kai, zaɓi salon da ya fi kusa a jerin da aka ba ka, sannan ka yi amfani da gurbin bayani da alamomin bincike ka rubuta Hausa da nanaye ƙarara. Rubuta sunanka iri ɗaya a ko'ina, domin harafi ɗaya ya bambanta na'ura za ta ɗauka mutum biyu ne. Ka kuma sa sunan wanda ya yi maka kiɗa da wadda ta yi amshi. Mutanen yacht rock sun iya gano iyakar salonsu ne saboda sunayen makaɗa suna rubuce a bayan kowane faifai. Mu a nan, waƙoƙi da yawa na shekarun 2000 suna yawo a memori babu sunan mai kiɗa, babu na mai amshi, wasu ma da sunan jarumin fim aka san su. Duk wanda ya san ainihin masu aikin wata tsohuwar waƙa, ya rubuta a fayil ɗin ko a ƙarƙashin bidiyon kafin a manta.